Takalmin Likita da Tagar da Na Toshe

Bana ne, shekarar da aka zaunar da mu a gida saboda ƙidaya, bayan 'yan kwanaki kuma rana ta yi husufi da hantsi. Ranar husufin na tafi masallaci salla, na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Ban sani ba sai da mai ɗakina ta nuna mini. Tun daga ƙofar masallaci nake taka tsakuwa da kwalta, ƙafata ta hagu ba ta gaya mini komai ba. Ni kuwa shekarata ashirin da bakwai ina ɗinka wa mutanen Kano takalma. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce in rubuta tafiyar da ta biyo baya in karanta muku, 'yan ajinmu da abokan sana'a. Ku yi haƙuri da rubutun. Biron na naɗe shi da fata ne don ya yi kauri in iya riƙe shi.

Wata guda bayan husufin, asubar wata Talata, muka bar gida ni da ƙanina. Shi ɗan kasuwa ne, yana zuwa Dubai sau uku ko huɗu a shekara ya saro kaya, kuma shi ya matsa in bi shi. A gida an auna mini suga sau biyu an ce babu. An yi mini allurai har sati uku, ciwon bai ko girgiza ba. Wani likita ya ce akwai na'urar da ake auna jijiya da ita, amma ba ko'ina ake samunta ba. Ƙanina ya ce a can na'urar tana nan a kowane lungu.

A cikin mota, kafin mu isa filin jirgi, ya juyo ya yi mini karatu.

"Yaya, ka riƙe wannan da kyau. A bizarka an rubuta ɗan kasuwa. Duk wanda ya tambaye ka aikinka, ɗan sanda ne ko mai shayi, ka ce kasuwanci. Kada ka kuskura ka ce kana da sana'ar hannu. Suna ji za su ce aiki ka zo nema, su ɗora ka a jirgi, ni ma su soke tawa."

Na ce na ji. Ya sa na maimaita sau uku, kamar yadda malam yake sa mu a aji.

Bari in faɗi yadda ciwon yake, don wanda yake jin irinsa ya gane. Ya fara ne tun damina da yatsun ƙafa, kamar kiyashi na yawo a kansu. Daga nan sai na riƙa jin kamar na sa safa alhali ban sa ba. Tafin ƙafa yana zafi kamar an yayyafa barkono, amma in ƙaya ta soke ni ba na ji. Bayan sallar layya abin ya hau hannu. Basilla tana zamewa daga yatsuna, zare yana kuɓuce mini, maɓallin riga ya zama aiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne biro. Shekara biyu na yi ina koyon riƙe shi da girmana, ga shi yana neman ƙwacewa.

Kuma ni a zuciyata na riga na san mai laifi. Maƙwabcin shagona ne, shi ma mai takalma, wanda muka yi shekara goma sha tara muna cin abincin rana a kwano ɗaya. Bara na fito da wani sabon yanka na takalmin maza, sati biyu sai ga irinsa a rataye a ƙofarsa. Na lura tagar shagona tana kallon rumfarsa. Na kira magini ya toshe ta da bulo, na koma aiki ƙofa a sakaye. Da ƙafata ta fara mutuwa sai na ce ya ji haushi ne ya yi mini jifa. Na faɗa a gaban mutane, har a gaban mai unguwa. Ya ɗauki kwanonsa ya koma rumfarsa.

Mun yada zango a Alƙahira, muka yi awa biyar a zaune. A jirgi an kawo abinci a rufe da leda, na kasa yage ta, sai da wata tsohuwa Balarabiya da ke gefena ta buɗe mini. Na yi godiya, amma sai da na ga ta ci nata sannan na taɓa nawa. Ina da wata ɗabi'a da sana'a ta sa mini: ƙafar mutum nake fara kallo kafin fuskarsa. A filin jirgin nan na ga takalman da in aka ba ni wata guda ba zan gama nazarinsu ba.

Da hantsin Laraba muka isa Dubai. Wani jami'i cikin farar riga ya ce in leƙa wani ƙaramin akwati, su ɗauki hoton idona. Na tambayi ƙanina me za su yi da idona. Ya ce in yi shiru in leƙa. Jami'in ya ɗago ya ce wata kalma, na ce "kasuwanci" da Hausa tun kafin in san abin da ya tambaya. Ashe cewa ya yi in wuce.

Garin ba a gama gina shi ba. Duk inda ka ɗaga kai ƙarafan ɗaga kaya ne tsaye a sama, an tone wasu tituna an kewaye da allo, wai jirgin ƙasa za su sa. Zafi kuma ba irin namu ba ne, mai danshi ne, yana manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen zane. Mun sauka a unguwar Al Muraqqabat, a wani filat da 'yan kasuwarmu suke haya. Mu shida a ɗaki, gadaje wani kan wani, kwalayen kaya har rufi. Aka ba ni gadon ƙasa saboda ƙafata. Fasfona da littafin rubutuna na ɗaure su a ciki da ɗamara. Ko banɗaki da su nake shiga, har 'yan ɗakin suka sa mini suna Mai Ciki.

Shayi dirhami ɗaya ne a ƙaramin kofi, mai kauri da madara da kayan ƙamshi. Dirhami kuwa ya kai naira talatin da biyar, don haka kowace kurɓa sai na tuna mai shayin layinmu. Shinkafarsu doguwa ce, tana da ƙamshi, ba ta riƙe ciki. Akwai wata mata 'yar Gana da take tuƙa tuwo a filat ɗinta ana kawowa a kula. Shi ya riƙe ni. Sai dai hannuna ba ya jin zafi sosai, rana ta biyu na ƙone yatsa a miya ban sani ba sai da ya tashi.

Ƙanina Turancinsa na ciniki ne, ba ya kai shi asibiti. Saboda haka ya samo mana tafinta, wani mutumin Maraɗi da ke aiki a ofishin kargo a kasuwar Al Sabkha. Dogo ne, ya yi boko da Faransanci, ya ƙara da Turanci da Larabci a can. Takalminsa na roba ne da aka yi wa fenti ya yi kama da fata. Tun daga nan na sa masa ido.

"Bon, Alhaji," ya ce da ni, "mi kake tsoro? Lokotoro ne, ba mahauci ba."

Na ce masa ban je Makka ba tukuna. Ya ce a Deira, wato ɓangaren garin da muke, duk wanda ya hau jirgi Alhaji ne.

Ranar Asabar ya kai mu. Ƙofar asibitin da kanta take buɗewa, sanyin ciki kuma har cikin ƙashi. Aka miƙo takarda da Turanci da Larabci, aka ce in sa hannu. Na ce sai an karanta mini. Tafinta ya karanta layi biyu ya ce sauran duk haka ne. Takarda shafi biyu, a ce duk haka ne? Na sa ya bi ta layi-layi, ƙanina yana tsaki. Matar da ke teburin ta turo mini abin dangwale. Na ture shi, na rubuta sunana da biro. Ya ɗauke ni lokaci, harafin ƙarshe ya zame ƙasa, amma sunana ne.

Likitan jijiyoyin dattijo ne ɗan Indiya, gajere, mai furfura a kunne. Bai taɓa wata na'ura ba ranar. Ya sa na cire takalmi, ya ce in rufe ido. Na rufe ɗaya. Ya yi dariya ya jira har na rufe ɗayan. Ya riƙa shafa mini auduga, yana tsira mini tsinke, daga yatsa yana hawa, ina cewa na ji ko ban ji ba. Sai wajen gwiwa na fara ji sosai. A hannu kuma sai wuyan hannu. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora mini a idon sawu, wai ya kamata in ji yana kaɗawa. Ban ji komai ba. Ya ƙwanƙwasa bayan dunduniyata da 'yar guduma, ƙafar ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya ce in yi tafiya a kan dunduniya, na kasa ɗaga yatsun. Ya ce in matse yatsunsa biyu, ya zare su kamar daga hannun jariri.

Sai tambayoyi. Giya? A'a. Wani a dangi mai irin wannan? Babu. Maganin gargajiya? Na sha rubutu da jiƙo bayan ciwon ya fara. Sai ya zo kan wadda nake jira.

"Ya ce mi ne aikinka," in ji tafinta.

"Kasuwanci," muka faɗa tare ni da ƙanina.

"Ya ce kana taɓa wata guba? Maganin ƙwari, fenti, aikin masana'anta?"

"Kayan sawa yake sayarwa," in ji ƙanina.

Ni a raina ma ban ga ƙarya a wannan ba. Ban taɓa fesa gona ba, ban taɓa shiga masana'anta ba. Amma na lura likitan ya dubi hannuna, sai na tura su cikin hannun riga. Na ce a raina lalle wannan tambaya ba ta ciwo ba ce, daga filin jirgi aka aiko ta.

Aka ɗebi jinina kwalba biyar. Na ƙirga, na kuma rubuta a littafina, don in an sayar da shi in san adadin.

Litinin aka sa ni a na'urar da muka zo dominta. Ba ta kai injin markaɗe girma ba. Ana manna maka wasu 'yan faifai a fata, a ɗora wani abu a kan jijiya, sai ka ji lantarki ya fizge ka, yatsa ya motsa da kansa. Likitan yana auna tsakanin wuri da wuri da tef irin na tela, yana kallon layuka a allo. Daga baya ya soka siririyar allura a tsokar ƙafa da ta hannu, na'urar ta riƙa ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Tafinta yana ta cewa "shwaiya, shwaiya, an kusa." Na haƙura. Wanda ya yi shekara ashirin da bakwai yana soke yatsansa da basilla ba zai yi kuka don wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne likita zai yi magana doguwa, tafinta ya juyo ya ce mini, "Ya ce ba komi." Ina sauran maganar take tafiya?

Kwana biyu muna jiran sakamako. Ƙanina ya shiga sarin kayansa, ni kuma na bi shi Al Sabkha ina jan ƙafa. Shaguna ne a jere, takalma buhu-buhu daga Sin, masu arha har abin ya ba ni tsoro. Na ɗaga ɗaya na shinshina, na lanƙwasa shi, mai shagon ya ce ko na san takalmi ne. Ƙanina ya taka mini ƙafa. Ban ji ba, sai da ya zungure ni da gwiwar hannu. Da la'asar muka hau abra, kwalekwalen katako da ke tsallaka da mutane ruwan da ya raba garin. Babu kujera, babu abin riƙewa, kowa ya zauna a kan dakalin tsakiya. Sai da mutum biyu suka kama ni na sauka, don ƙafata ba ta san inda katako ya ƙare ba.

Laraba likita ya zaunar da mu. Wannan karon na ce wa tafinta in ya rage ko kalma ɗaya Allah yana gani. Ya ce, "Voilà, yanzu kuma na zama ɓarawon magana." Amma ya faɗa duka.

Jijiyoyin da yake nufi ba na jini ba ne. Wasu ne kamar wayar lantarki, suna kai saƙo daga kai zuwa gaɓoɓi, su dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Mafi tsawonsu su ne masu zuwa yatsun ƙafa, shi ya sa in abu ya taɓa su can yake farawa, sannan ya zo hannu. Nawa saƙo yana tafiya a cikinsu a hankali, wani ma ba ya isa. Jinin bai nuna suga ba, bai nuna ƙarancin sinadarin abinci ba, ƙoda da hanta lafiya. Saura abu biyu. Ko dai wata guba ce take shiga jikina, ko kuma jikin ne da kansa yake cin rigar jijiyoyin. Tunda na ce ba na taɓa komai, sai ya bi ta biyun: ranar Asabar za a soka allura a gadon bayana a ɗebo ruwa, in ya nuna, a fara mini magani mai ƙarfi na watanni. Ya ce in ba a gano dalilin ba, hannuwan za su bi ƙafafun.

Na fito ina lissafi iri-iri. Na ce wataƙila tafinta da likita bakinsu ɗaya. Na ce wataƙila ruwan bayan mutum yana da kasuwa. Na kuma ce a raina, jifa ai ba ya fitowa a na'ura. Ranar Juma'a a masallaci na yi addu'a Allah ya tona asirin wanda ya yi mini wannan.

Asabar ƙanina yana da lodin kwantena, bai samu zuwa ba. Daga ni sai tafinta. Likita ya shigo ya zauna yana bayanin yadda zan kwanta in naɗe kamar jinjiri. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Idona ya sauka inda ya saba. Takalmin baƙi ne, fatar ta ƙwarai ce, amma an taɓa canja masa ƙasa, kuma bakin ya fara buɗewa daga wajen babban yatsa. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Wanda ya yi gyaran nan bai bar gam ya sha iska ba. Da ɗanyensa ya haɗa."

Tafinta ya tuntsire da dariya. Likita ya tambaye shi mene ne. Na kai hannu in tsunkule shi, yatsun suka ƙi kamawa. Kafin in ce kada, ya riga ya fassara.

Likitan bai yi dariya ba. Ya dubi takalminsa, ya dube ni. Ya ajiye takardar hannunsa, ya jawo kujera, ya kamo hannuwana daga cikin riga ya juya su. Ga kantar guduma, ga layin da zare ya yanka a ɗan yatsa shekara da shekaru, ga baƙin da ya zauna a gefen farce wanda sabulun Dubai bai fitar ba.

"Ya ce shekara nawa."

Ina jin sanyin ɗakin a wuyana. Na ce wa tafinta, "Tambaye shi, in na faɗa, zai gaya wa mutanen filin jirgi?"

Tafinta ya buɗe baki. "Alhaji! Don wannan ne? Wa ya ce maka haka? Ni da kake gani da biza ta ɗan kasuwa na zo, kuma ubana maƙeri ne. Ba a kama mutum don ya iya sana'a a garinsu. Sai in ka kafa teburi a nan ka fara ɗinki."

Ya faɗa wa likita. Dattijon ya dafe goshi. Ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, kuma sati guda ke nan yana neman abin da ke cikin aljihuna.

Sai na faɗi komai. Shafa gam da yatsa, don buroshi yana ɓata lokaci. Wanke hannu da fetur in an tashi. Cin abinci a cikin shago, tun da na daina fita rumfa. Ya tambayi taga nawa ne a shagon. Na ce da akwai ɗaya. Ya ce yanzu fa? Na ce na toshe ta bara, ƙofa ma sakaya ta nake yi, kwanakin ƙidaya kuwa kulle kaina na yi ciki ina aiki daga safe har magariba. Ya tambaya ko kaina yana juyawa in na daɗe. Na ce kowane mai takalmi ya san wannan, mukan ce sholisho ne yake gaisuwa. Ya ce gam ɗin wane iri ne? Na ce sabo ne, a gwangwani mai ruwan ɗorawa, na fara aiki da shi kafin in toshe tagar da kaɗan. Sunansa fa? Me aka rubuta a jiki?

Ba na jin Turanci. Amma malaminmu ya taɓa ce mana duk rubutun da muka gani mu kwafa, ko ba mu gane ba, don hannu ya saba. A shago kuwa babu rubutun da ya fi kusa da ni kamar na jikin gwangwanin nan. Na juya baya, na kwance ɗamara, na ciro littafina. Tafinta yana cewa, "Ashe cikin na takarda ne." Na buɗe shafukan. Sau bakwai na kwafe shi, harafi-harafi, har da 'yan ƙananan da ke ƙasa.

Likitan ya sa tabarau ya bi da yatsa. Ya tsaya a kan wata kalma ya ƙwanƙwasa ta sau biyu. Ya ce wannan sinadarin sananne ne, an daɗe da sanin yana lalata jijiyoyin masu takalma da ke aiki a rufaffen ɗaki, yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata. Sannan ya gangara layin ƙarshe, ya ce wa tafinta ya fassara mini abin da na rubuta da hannuna.

Tafinta ya karanta, muryarsa ta sauka. "An ce a yi aiki da shi inda iska take shiga tana fita. An ce kada ya taɓa fata."

A shafi na farko rubutun a tsaye yake, kyakkyawa, har malam ya sa mini alamar yabo da jan biro. A na bakwai haruffan sun karkace kamar an taka su. Likita ya jera shafukan yana kallo, ya nemi izini ya ɗauki hotonsu.

Ya soke allurar baya, ya ce a ajiye ta sai in abin ya ƙi bin hanyar da yake zato. Wannan ne ya sa na fara yarda da shi, don ban taɓa ganin mai sana'a ya mayar da aikin da ya riga ya shigo hannunsa ba. Na ce to a ba ni maganin da zai wanke gubar. Ya ce babu shi. Maganin shi ne in rabu da gam ɗin nan gaba ɗaya. Kuma in sani, ko na daina, ciwon zai ƙaru wata biyu ko uku kafin ya tsaya, kada in ce an cuce ni. Daga nan jijiya za ta fara farfaɗowa a hankali, shekara ko fiye, kuma ba lalle duka ta dawo ba. Ya rubuta mini ƙwayar rage zafin tafin ƙafa. Ya tura ni wurin wata mai gashin ƙashi ta koya mini motsa yatsu da matsa ƙwallon roba. Ya ce in riƙa duba tafin ƙafata kullum da ido, tunda ba za ta gaya mini in ta ji rauni ba, in kuma daina sa silifa. Bayan wata shida a sake aunawa, ko a ina ne. Da za mu fita ya nuna takalminsa ya ce yaya za a yi da shi. Na ce a kankare tsohon gam ɗin, a shafa sabo gefe biyu, a jira ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga. Na ƙara da cewa a yi a waje.

A bakin titi na ba tafinta haƙuri, ban faɗa masa na mene ne ba. Ya ce, "Khalas, ya wuce, Alhaji. Amma ka duba mini nawa takalmin." Na ce masa roba ce. Ya ce ya sani, albashin ne na roba.

Da la'asar na gaya wa ƙanina a ɗaki. Na nuna masa shafin. Ya daɗe yana kallonsa. Shi ne ya kawo mini gam ɗin, katan biyu, kyauta, a cikin kwantenarsa, don ya ga wanda nake saya ya yi tsada. Yana iya karanta layin nan in ya tsaya. Bai taɓa tsayawa ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba, don kada ya ga kamar ina gwada masa karatuna. Ya ce, "Yaya," sai ya rufe littafin ya miƙo mini. Daga Dubai har Alƙahira har Kano shi yake buɗe mini ledar abinci, ba mu yi maganar ba.

Kwana goma sha uku muka yi. Washegarin dawowata na kira maginin da ya toshe tagar ya fasa ta, ya ƙara wata a baya. Gwangwanayen da suka rage na hana a sayar wa kowa. Sannan na taka zuwa rumfar maƙwabcina, na yi sallama, na faɗa masa abin da likita ya ce, a gaban mutanen da na faɗi wancan. Na ce na zalunce shi. Yana riƙe da takalmi bai ajiye ba. Ya ce, "Allah ya yafe mana. Allah ya ba ka lafiya, Malam." Shekara goma sha tara bai taɓa ce mini Malam ba. Da azahar aka kawo masa abinci, ya ci shi kaɗai. Ta tagar da aka fasa nake ganinsa.

Yau wata huɗu ke nan. Kamar yadda dattijon ya faɗa, abin ya ƙaru har sai da na riƙa dafa bango, yanzu ya tsaya. Satin jiya na ji sanyin ruwan alwala a idon sawuna na dama. Abin da zan ce muku, abokan sana'a, ku fito da teburin gam waje, ku sayi buroshi, ku daina wanke hannu da fetur. In likita ya tambaye ku aikinku, ku faɗa masa. 'Yan ajinmu kuma, in kun kwafi rubutu, ku nemi wanda zai gaya muku abin da yake cewa.

Ga abin da na rasa. Takalmi ƙafa ɗaya a ƙofar masallaci. Sati guda a Dubai ina ɓoye hannuna. Jini kwalba biyar. Jin yatsu takwas na ƙafa, da uku na hannun dama, waɗanda ban sani ba ko za su dawo. Basillata, da ke rataye tun kafin husufi. Da mutum ɗaya da muke cin abincin rana tare.